Sunana Wanzam, amma aska ta gagare ni

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da ƙoƙari, ina gaida masu saurare baki ɗaya.

Ni ne Haruna Wanzam, mai shagon aski a Karmo, nan Abuja. Wannan suna ba na ado ba ne. Kakanninmu ne wanzaman garinmu, su ke askin suna, su ke kaciya da ƙaho, har sana'ar ta zame mana sunan gida. Sarautar Sarkin Aska ma a gidanmu take, ɗa ke gadon uba.

Da Baba ya rasu, dattawa suka kira ni gida. A al'adarmu, kafin a naɗa mutum sai ya buɗe zabirar marigayi, wato jakar kayan aikinsa, ya yi wa jariri askin suna a gaban jama'a. Aka miƙo mini jaririn da askar Baba. Ni kuwa wallahi a Abuja na koyi aski, da kilifa. Sai na tambaya ko akwai inda zan jona kilifata.

Baffana, wanda tsufa ya riga ya cinye wa ido, ya ce, "Haruna, wanzami ba ya jiran a kawo wuta. Tashi, ka ba mu kunya."

A ranar na mayar wa dattawa zabirar, sarautar ta bar gidanmu, ta koma wani gida.

Har yau kwastomomi na kirana Oga Wanzam, kuma kowane kira sai ya soke ni. Jama'a, ku ba ni shawara: in ci gaba da amsa sunan, ko in mayar musu da shi kamar yadda na mayar da zabirar?