Maigidana Ya Fi Yarda da Mai Lasifika

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa. Daga Kiyako nake rubuto miki, raina a ɓace.

Maigidana ya samu raunin mazakuta, ga ƙishirwa da yawan fitsari. Na karanta cewa ciwon suga yana kawo haka, na ce mu je asibiti a auna shi. Ya ce, "Haba Hajiya, in faɗa wa likita sa'an ɗana wannan?" Sai ya koma shan jiƙon wani mai tallar magani da lasifika ranar kasuwa. Yayarsa kuma tana yaɗa cewa ni na ɗaure shi da asiri.

Ba shimfiɗa nake wa kuka ba, ramewa yake a gabana. Ya daina jin maganata, amma shirinki ba ya wuce shi. Don Allah ki gaya masa ya je asibiti, yana jinki yanzu.