Rabin Sabulu

A gaban shago, wata tsohuwa ta sa mai shagon ya yanka mata rabin sabulu da zare. Mutumin da ke bayanta, riƙe da makullin mota, ya leƙo.

"Iya, rabi kuma?"

"Tun da aka ƙara haraji a kan kaya, iyakar ƙarfina ke nan, ɗana."

"Ai kowa ya shafa. Abin da aka ɗora miki, shi aka ɗora mini."

"Haka ne. To kai me ka daina saya?"

Ya juya makullin a hannunsa.

"Gaskiya ban duba ba."

"Ni na duba. Jikokina uku, yanzu sai ranar makaranta suke wanka da sabulu."

Ta ƙulle rabin a bakin zaninta.

"Mai shago, adana zaren nan. Wata mai zuwa kwata za ka yanka mini."