Lambar da Ta Kusa Kai Mu Birnin Kebbi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma shugaban taro, iyayenmu hakimai, malamanmu, baƙinmu na Lafagu da Sharabi, da 'yan'uwan da suka tsallako daga Benin, barkanku da zuwa bikin yaye ɗaliban cibiyarmu ta kwamfuta.

Ni Ma'azu, a madadin malamai, ina godiya ga Allah, ina godiya ga iyaye, ina kuma godiya ga wata ɗaliba da ta fitar da mu kunya.

Na farko, ga abin da ya faru. Ana saura kwana uku jarrabawa, babbar kwamfutarmu ta fara nawa. Malam Badamasi, injiniyanmu, ya bi sawun aikin kanel, wato zuciyar manhajar da ke sarrafa kwamfuta, wadda take rubuta lokacin da kowane aiki ya ɗauka. Da ya zo kan rumbun ajiya, sai ga miliyan talatin da takwas. Ya ɗauka maikrosakan ne, kashi ɗaya cikin miliyan na sakan, ya dafe kai ya ce: "Sakan talatin da takwas! Rumbu ya mutu. Sai mu kwashi yara mu tai Birnin Kebbi."

Ɗalibai arba'in, jama'a, mota kuwa ko ɗaya ba mu da ita!

Sai ɗalibar nan, Mashkura, ta ɗaga hannu ta ce: "Malam, wagga lamba da mi anka auna ta?"

Ta nemi izini, ta umarci kwamfutar ta dakata na sakan guda cur, sannan ta duba. Lambar ta ƙaru da biliyan ɗaya. Ashe nanosakan ne, kashi ɗaya cikin biliyan na sakan! Jinkirin da ya tayar mana da hankali bai kai ƙiftawar ido ba. Rumbu lafiyarsa lau. Da muka sake bincike, sai ga waya a bayan kabad, ɓera ya gaigaye ta, ita ce ta jawo nawar.

Na biyu, ku yaba wa Malam Badamasi. Shi ya fara dariya, shi ya fara tafi, shi ne kuma ya ce a sanya tambayar Mashkura cikin darasi. Ɗalibai, duk lambar da kuka gani, ku tambayi ma'auninta; in ba a rubuta ba, ku gwada da kanku.

An yi jarrabawa a nan Bagudo, kuma ga su nan zaune gabanku, su arba'in, duk sun ci.

Allah Ya albarkaci iliminsu, Ya saka wa iyaye, Ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.