Sifilin 'Yar Aji Huɗu

A tashar mota, wani malamin firamare ya rasa wanda zai juye wa damuwarsa sai dattijon da ke gefensa, suna jiran mota ɗaya ta komawa gida.

"Baba, gobe kashina ya bushe. Masu duba makarantu za su zo ganin yadda yaranmu ke aiki da kwamfuta."

"To, mene ne abin tsoro?"

"Yaran ko hannu ba su taɓa ɗora mata ba! Hedimasta ya garƙame ɗakin kwamfutar, wai kar su lalata. Manhajar darasin da ke cikin kwamfutar kuwa rahoton makin yara take kaiwa sama. Ni nake zama in yi darasin da sunan kowane yaro."

"Duk ka ba su ɗari bisa ɗari?"

"Haba Baba, ni wawa ne? Wasu nakan kayar da su don a yarda. Akwai wata 'yar aji huɗu, kullum sifili. Sunanta ne ƙarshe, lokacin na gaji."

Dattijon ya juyo gare shi.

"Jikata ma aji huɗu aka sa ta maimaita. Wai kwamfuta ta ce kanta ba ya ja. Uwarta har dukanta ta yi."

Malamin ya matso kusa da shi. "Wace makaranta, Baba?"

Firamare ɗaya ce tak a garin da motar za ta.