Furannin da Suka Makara

A ɗakin jiran jirgin ruwa mai zuwa tsibiri, Hallur ya matsa wa wata tsohuwa mai riƙe da furanni ta zauna.

"Biki za a je, Iya?"

"Maƙabarta, ɗan nan. Dagny, ƙawata ta shekara sittin. Sati guda da binne ta, sai jiya na ji."

"Ba wanda ya faɗa miki?"

"Ai rediyon ƙasa ke faɗa mana! Kullum da rana a karanto sunayen mamata, mu ajiye cokali mu saurara. Wai wani mai wayo ya mayar da sanarwar zuwa intanet, ya sa kiɗa a gurbinta."

Hallur ya dubi takalminsa. Shi ne shugaban shirye-shiryen gidan rediyon, shi ya sa hannu a takardar sauyin.

"Ƙila sun ga masu saurare sun ragu ne."

"Sun ragu mana, mutuwa muke yi! Rediyon ba na kowa da kowa ba ne? Kai wane aiki kake yi?"

"Aikin ofis ne kawai."

Jirgi ya iso. Ya ɗaukar mata jaka, ta dafa kafaɗarsa.

"Allah ya yi maka albarka. Da irinka aka ba gidan rediyon nan, da na raka Dagny."