Bitrus Bai Mutu da Maye Ba

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu. Ni ce Ladi, matar marigayi Bitrus.

Kun san mu. Kafin mu tuba ni nake dafa burukutu, shi yake shanye ribar. Da muka karɓi Ubangiji ya daina, ko ƙwaryar bai ƙara taɓawa ba.

Shekarar da fari ya cinye gero, ciwon sukari ya kama shi. Aka ba shi ƙwayoyi a asibitin Minjibir, aka ce ya riƙa sha da abinci. Ina abincin? Ɗan tuwon da ya samu, yara yake tura wa.

Ranar gayya a gonar Dattijo Audu, shugaban dattawan ikilisiyarmu, Bitrus ya sha magani ciki wayam ya tafi. Da rana ta take sai gumi, sai tangaɗi, harshe ya karye. Dattijo ya ce, "Mai hali ba ya fasa halinsa. Ku kwantar da shi gindin kuka, giyar ta sake shi." Suka ci gaba da noma. Bai tashi ba.

Wayyo! An binne mijina ana raɗe-raɗin ya mutu mashayi. Na daina zuwa sujada. Na tsani Dattijo, har da Allah na yi fushi.

Wata safiya na durƙusa, na ce, "Ubangiji, ka ɗauke shi, na haƙura. Amma ka wanke masa suna."

Sai na ji a raina in mayar da sauran ƙwayoyin asibiti, ko wani zai amfana. Malamar asibitin ta saurare ni, ta ce, "Mama, hanta rumbun sukari ce. In na jini ya yi ƙasa, jiki yakan aika mata saƙo ta buɗe. Yunwa ta kwashe rumbunsa, magani ya janye sauran. Mai wannan hali kamar mashayi yake. Da an ba shi ko mazarƙwaila tun yana iya haɗiya, da wataƙila ya tashi."

Ranar Lahadi na koma sujada, na faɗi maganar malamar a gaban jama'a. Dattijo Audu ya miƙe yana kuka, ya ce, "Ladi, ranar akwai rake a gefen gonar nan."

Na yafe masa, kuma da ƙarfina ba zan iya ba. Mijina bai dawo ba, amma 'ya'yansa sun ɗaga kai. Godiya ga Allah! Mai ƙunci a cikinku, ya kai gare shi, yana ji. Amin.