Na hau dutse, maigidana ya shiga uku

Assalamu alaikum Malam, da masu sauraro.

A hutun bazara ni da maigidana muka ɗauki mota daga Madawa zuwa Karofane, wajen gwaggona. Da rana ta yi sanyi na hau dutsen bayan gari da littafina, ina karatu ina kallon fadama.

Ina saukowa na tarar gwaggo ta tsare shi: "Mi ka yi ma ɗiyata? Mace ba ta hawan dutse ita ɗai sai da ɓacin rai."

Na rantse nishaɗi ne, ta ce asirinsa nake rufawa. Bawan Allah har haƙuri ya ba ni. Na karɓa, tunda ba kullum ake samu ba.

Sai dai har yau gwaggo ba ta amsa gaisuwarsa. Jama'a, yaya zan wanke shi?